Kawun da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Laraba al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda agogon da yayata ta bar mini ranar da aka kai ta ɗakinta, kuma a shekarun nan duk abin da ya same ni nakan duba agogo kafin in duba abin. Ina 'yar aji biyar a sakandare, dogon hutun damina ya kusa ƙarewa. Na fito da zanen da na yi wata guda ina yi a ɗakin da Inna ke ajiye itace, na jingina shi da rumbu a tsakar gidanmu na Ƙanƙara don fentin ya sha iska.

Zanen Kawu ne, ƙanin Inna, a tsaye, daidai tsayinsa. Na yi shi a kan wani falanki da aka cire daga silin ajinmu bayan ruwa ya ci gefensa. Fentin ragowar wanda aka shafe makaranta da shi ne: shuɗi mai yawa, ruwan madara kaɗan, da baƙin da ake sabunta allo da shi. Jan da na haɗa launin fata da shi, da buroshi biyu, Malama ce ta ba ni.

Malama 'yar bautar ƙasa ce da aka turo makarantarmu. Zane ta karanta a jami'a, amma da ta iso aka duba jadawalin darussa aka ga babu zane a cikinsa, sai aka ba ta aikin gona domin nan ne ake da giɓi. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, mu kuma da fartanya aka yaye mu, don haka darasin yakan tafi cikin ladabi daga ɓangarorin biyu. Wata rana ta ce mu zana karan masara mu rubuta sunayen sassansa. Aka kaɗa ƙararrawa ina kan ganye na farko. Ta ɗauki takardata ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in biyo ta waje.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Malama."

"Na ga alama. Ki zana mini mutum, babba, ba a takarda ba. Ki kawo in gani, zan gaya miki gaskiya. Amma ki sani ƙarshen Oktoba zan tafi."

Na ce to. Kusan duk abin da nake cewa ke nan a lokacin.

Gaskiyar nan ita nake nema tun ina zane da gawayi a bayan ɗakin girki. Ba a taɓa hana ni ba, ba a kuma taɓa duba abin ba. Duk wanda na nuna wa sai ya ce masha Allah, kamar inji ne ya buga, irin abin da ake faɗa wa mai ɗinkin hula, da mai ƙunshi, da wanda ya jera buhuna a mota suka tsaya daidai. Ni ina so in san ko na iya ko ban iya ba, daga bakin wanda zai iya cewa ban iya ba. A duk ƙasarmu mutum ɗaya na sani mai wannan ikon, ita ma tana da ranar tafiya.

Kawu na zaɓa domin shi na fi daɗewa a gabansa. Goro yake sayarwa a kasuwa, amma abin da aka san shi da shi gaisuwa ce. Idan ya tare mutum sai ya tambayi gida, da gajiya, da yara ɗaya bayan ɗaya, da mai jikin da ya warke tun bara, da akuyar da aka ce ta ɓata. An ce mota ta taɓa tashi ta bar shi yana gaida na cikinta ta taga. Kullum da safe yakan biyo ta gidanmu, ni kuma in durƙusa in sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini, in yi ta amsa lafiya lau har ya gama. A haka na haddace takalminsa na fata da aka ɗaure maɗaurin hagu da waya, da farcen babban yatsan da ya tsage, da yadda ƙafar dama ke kallon waje, da bakin shuɗiyar rigarsa inda zare ya fara zara. Waɗannan su suka cinye mini yawancin watan. Fuskar a yini ɗaya na gama ta, har na yi mamakin saurina.

A ranar Larabar Inna ta shanya tsakin masara a tabarma, kuma korar kaji aikina ne. Na zauna da sanda, babu kazar da ta zo. Suna can jikin katanga sun cure wuri ɗaya suna kallon rumbu da ido ɗaya. A haka Baba ya shigo. Ya tsaya a gaban zanen ya riƙe haɓa, ya daɗe. Ban taɓa ganin wani ya daɗe haka a gaban abin da na yi ba. Na duba agogo. Sai daga baya na gane kajin yake kallo.

Ya ɗauki falankin ya juya fuskarsa ga rumbu, kaji suka sauko kan tabarma. Ya sake juyo shi, suka watse, ɗaya har ta faɗa cikin turmi. Ya maimaita don ya tabbatar.

"Ashe makarantar taku ana koya abin amfani," in ji shi.

"Baba, bai bushe ba."

"Zai bushe a gona. Dama hoton mutum ba ya kwana cikin gida, kin sani."

Washegari aka ɗaure zanen a bayan babur, aka kafa shi a tsakiyar geron Baba tsakanin turaku biyu. A shekarar janbaki sun yi yawa, sukan sauko gona kamar hayaƙi. Kafin Juma'a babu tsuntsu ko ɗaya a tamu. Duk sun koma ta maƙwabci, wanda ke da mutum-mutumi irin na kowa, tsumma a kan kara, tsuntsayen suna hutawa a kafaɗarsa idan sun ƙoshi. A gidanmu aka fara kiran zanen Kawun katako, don a bambanta shi da na gaske.

Ƙorafin farko wata maƙwabciyarmu ce ta kawo wa Inna. Ina ɗakin girki ina ji.

"Wai ni ƙanin nan naki lafiya yake? Na wuce shi a gonar maigidanki, na durƙusa har ƙasa, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Ko uhm. Har gwiwata ta ƙage."

"Ai katako ne," in ji Inna. "Ɗiyar nan ce ta zana."

"Katako mi? Ni da na ga takalminshi da wayar nan tashi? Ki dai yi mashi magana, in wani abu na yi mashi ya faɗa."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin bai kai dare ba, domin na zauna na auna abin yadda nake auna komai. Mutane suna gaishe shi, ke nan ya yi kama da mutum. Tsuntsaye kuma suna gudunsa irin gudun da ba su taɓa yi wa Kawu na gaske ba, wanda na sha ganin kurciya tana kiwo a gefen tabarmarsa. Shaidu biyu ne, kowace na cewa nata, kuma babu wadda ta karanta zane a cikinsu.

Gero ya shiga rumbu, na ɗauka Kawun katako zai dawo gida. Sai ga ɗan wan Baba daga 'Yargoje ya zo aro, shinkafarsa ta fara nuna. A wurinmu kayan gona ba a hana aronsu, ko galma ce ko shanun huɗa. Wanda ya ara kuma yana iya ara wa wani, domin shi ma ba zai iya hanawa ba. Abin da ba a yi shi ne a aika karɓo kaya alhali amfanin wancan yana tsaye a gona, daidai yake da ka yi masa fatan tsuntsu. Daga 'Yargoje zanen ya wuce Ƙetare wajen surukin mai aron. Daga Ƙetare aka ce an gan shi a bayan a-kori-kura ya nufi Faskari. Ƙwai da dankali suka fara zuwa gidanmu a matsayin tukwici. Wani manomi ya aiko yana so a yi masa nasa, ya ce a zana yayansa, wai ya fi Kawu ban tsoro tun asali.

Ban iya tambayar Baba kai tsaye yaushe zanen zai dawo ba. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya masa bayan ya ci tuwo, amsa ta dawo ta hanyar da tambayar ta bi: sai an yanke dawa. Dawa kuwa ba a yanke ta sai sanyi ya shigo, lokacin Malama ta daɗe da komawa garinsu.

Da aka koma makaranta na ba Malama labarin ina kallon ƙasa. Ta yi dariya har ta zauna a bakin baranda. Da ta share ido ta ce in sake wani. Babu sauran falanki, kuma shuɗin ya ƙare. Ta je wajen shugabar makaranta neman ɗaki ɗaya, ko kusurwa, inda yara za su riƙa zane bayan an tashi, abin da suka yi kuma ya zauna a bango. Shugabar ta ce ɗaki ɗaya ne babu kowa a ciki, shi ma karyayyun kujeru ke zaune a cikinsa suna jiran kwamitin da zai tabbatar sun karye. Malama ta tara mu huɗu a gindin darbejiya lokacin hutun tara tana nuna mana yadda ake yin inuwa da gawayi. Bai daɗe ba aka ce taron yana hana shara.

A makonnin nan na riƙa duba bangayen garinmu a hanyar makaranta. Kowanne da aikinsa. Wani an jingina masa kara, wani ana shanya barkono a kansa, wani yana ɗauke da fuskokin 'yan takarar zaɓen da aka manta, wani an rubuta masa kada a yi fitsari. Duk ƙusar da na gani tana riƙe da wani abu, buta ko fitila ko ragama. Ban sami bango ɗaya wanda aikinsa shi ne a rataya abu mutane su tsaya su kalla ba. Akwai wani gini a bayan filin ƙwallo da aka fara tun ina firamare, aka ce na koyon fasaha ne da sana'ar hannu. A linta ya tsaya. Yanzu da nake rubuta wannan ina kwaleji, kuma a hutun da ya wuce na leƙa, awakin ciki sun yi jikoki. Nakan tuna waɗanda za su shiga ginin nan da an rufa shi: wata 'yar ajinmu da ke ƙera mota da karan dawa har da ƙofa mai buɗewa, da tsohuwar da ke zanen ƙwarya a bakin kasuwa ba ta da wadda za ta koya wa, da Malama da za ta yi shekara guda tana koyar da abin da ta sani maimakon lokacin zuba taki.

Shi kuwa Kawu na gaske, abin ya fara taɓa shi a inda ya fi zafi. Ranar kasuwa wani dattijo daga Faskari ya tsaya a gaban tiren goronsa ya ƙi zama.

"Malam, ashe haka kake? A nan kamar ka haɗiye mutum don gaisuwa, a gona kuwa sallama uku ba ka amsa ko ɗaya."

Kawu ya rantse rabonsa da Faskari tun bara. Dattijon ya ce to ƙafafun wa ya gani. Wasu suka ce kuɗi ya samu, wasu suka ce kunne ne ya fara tafiya. Wata tsohuwa ta aiko masa da rubutu ya sha, domin an gan shi a Ƙetare da Ƙanƙara a Juma'a guda.

Da safe ya shigo gidanmu, na durƙusa. A karo na farko a rayuwata gaisuwar ta tsaya a kan ina gajiya.

"Ɗiyata, mi na yi maki?"

"Ba komai, Kawu."

"Tun ba a haife ki ba nike gaida mutane. Ke kin zauna wata guda kin aika ni ƙauye-ƙauye ina wulaƙanta su." Ina kallon babban yatsansa yana motsi a cikin takalmi. "Ko hannu ai kya sa mashi ya riƙa ɗagawa."

Maganar hannun ta bi hanyar da aron ya bi. Wanda zanen ke gonarsa a Faskari mutumin kirki ne, ya ji nauyin abin, ya kira kafinta. Aka buga wa zanena hannun katako a kafaɗar dama da ƙusa guda, aka ɗaura masa leda a tafi, idan iska ta kaɗa sai ya ɗaga ya sauke. Ranar da labarin ƙusar ya iso na shiga ɗakin itace na zauna har aka kira magariba.

Hannun ya gyara abu ɗaya ya ɓata wani. Waɗanda ya ɗaga wa suka riƙa matsowa su ba shi nasu, sai su tarar hoto ne. A ƙasarmu kuwa idan aka ga babban hoton mutum a bakin hanya ya ɗaga hannu, abu ɗaya yake nufi. Kafin mako ya zagayo an fara taruwa a rumfar Kawu ana ce masa ranka ya daɗe kansila. Masu neman rijiya suka zo, da masu neman taki, da wasu samari masu neman rigunan ƙwallo. Kawu bai iya sallamar mutum ba tare da kalma mai daɗi ba, sai ya riƙa cewa in Allah ya yarda, kowa kuma ya ɗauka alkawari ne. Goro ya ƙare da wuri a makon, amma kyauta ya tafi.

A makon ƙarshe na Oktoba aka bugo wa Baba waya daga wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, aka ce an kama Kawu. Kawu na zaune kusa da shi a tabarma a lokacin, yana ɓare gyaɗa.

Can daji ne mai duhu, kuma mutanen wurin sun ga abin da ya sa ba sa wasa da baƙon da ya tsaya a gona da asuba bai yi magana ba. Ban ga laifinsu a lokacin ba, yanzu ma ban gani ba. Wanda ya aro zanen daga Faskari ya kafa shi a dawarsa da yamma bai sanar da kowa ba, 'yan sa-kai suka hango shi da gari ya fara wayewa. Mai unguwa ya ce ba zai sake shi ba sai mai fuskar ya zo da kansa.

"Zan bi ku," na ce.

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na shirya. Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Kafin Baba ya buɗe baki Kawu ya ce, "Bar ta ta zo. Ita ta haife shi."

Malama za ta tafi ranar Asabar da safe, mu muka tashi ranar Alhamis. Hanyar ba ta da kyau, kuma ba a bin ta bayan la'asar. Kawu ya gaida duk wanda ke cikin motar, da duk wanda ya tsayar da mu a shinge, yana ƙara wa kowa da cewa in an taɓa yi masa sallama a gona bai amsa ba a yafe masa.

Mun sami Kawun katako a zauren mai unguwa, an juya fuskarsa ga bango, an ɗaure hannun da igiya. Shugaban 'yan sa-kai, wani dogo mai layu a damtse, ya durƙusa ya ba da bayani.

"Ranka ya daɗe, mun yi mashi sallama bai amsa ba. Muka tambaye shi ko shi wane ne, ya ɗaga mana hannu. Muka ce ya sauke, ya sauke, ya kuma ɗagawa. Nan muka kewaye shi muka ce ya kwanta."

"Ya kwanta?" Kawu ya tambaya.

"Da iska ta taso ya kwanta. Da bai kwanta ba da yanzu wata maganar ake."

Mai unguwa tsoho ne, ya kai shekarun da yake kallon kowa a ido. Ya sa aka juyo falankin, aka tsayar da Kawu a gefensa. Rana ta ci shuɗin, gara ta fara taɓa gefen ƙasa, amma kashin tsuntsu babu ko ɗigo. Ya dubi fuskar zanen, ya dubi ta Kawu, ya sake duba ta zanen.

"Wanga ba kai ba ne."

"Abin da nike ta faɗi ke nan tun damina," in ji Kawu, da muryar wanda aka sauke wa kaya. "Ranka ya daɗe, ko za a maimaita a gaban mutane?"

"To in ba kai ba ne mi ya kawo ka? Ba zan damƙa maka bawan Allahn da ba ka sani ba. Sai mai shi ya zo."

Abu biyu suka same ni a tare. Zanen zai zauna a Sabuwa har Malama ta tafi, kuma mutum na farko da ya dube shi da kyau ya ce bai yi kama ba. Wani sauti ya fita daga bakina, ƙarami, irin na ƙofa. Ina kallon ƙasa, sai na ga ƙafafun Kawu sun juyo wajena, sun ɗan tsaya, sannan suka matsa a hankali suka jeru da na falankin, ta dama tana kallon waje.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "a duba ƙasa."

Shugaban 'yan sa-kai, da yake a durƙushe yake, shi ya fara gani. "Wallahi shi ne. Ga wayar, ga farcen."

Mai unguwa ya sa aka kawo masa tabarau, ya sunkuya da kyar. Ƙafafu huɗu ne a jere. Ya daɗe a kansu, har ƙuda ya sauka a kan ɗaya Kawu ya motsa yatsa.

"Ƙafafun naka ne," ya yanke. "Fuskar ban san mai ita ba, Allah ya sa ba a ƙasata yake ba. An saki ƙafafun, fuskar ta bi su. Kuma kada ya sake shigo mani gari sai da mai amsa mashi gaisuwa."

Wanda ya aro ya fara maganar dawarsa da ba ta nuna ba, mai unguwa ya ce ya je ya tsaya da kansa.

Muka kwana a garin, washegari mota ta lalace mana muka sake kwana a Faskari wajen 'yan'uwa. A nan ma wani ya leƙo da safe, ya gaisa, ya fara kewaye-kewayen aro. Kawu, wanda ban taɓa jin ya hana mutum komai ba, ya ce, "Ka yi haƙuri, bisa beli yake."

Asabar da hantsi muka sauka a tashar Ƙanƙara. Motar Malama saura mutum ɗaya ta cika, tana zaune a gefen taga da jakarta a cinya. Babu inda za a jingina falankin sai jikin rumfar mai shayi, tsakanin buhun gawayi da bencin masu karyawa. Nan zanena ya fara tsayawa don a kalle shi kawai, ba don ya kori wani abu ba, ko da yake kajin tashar sun koma bayan rumfa. Masu wucewa suna ta gaishe shi, Kawu na gefe yana amsa ta mutum biyu.

Malama ta fito. Ta roƙi mai shayi ya riƙe hannun katakon don ya daina ɗagawa. Ta ja da baya, ta matso, ta tsugunna a gaban ƙafafun ta daɗe, har ta kai yatsa kusa da wayar ba ta taɓa ba. Ta miƙe ta dubi fuskar, a nan ba ta daɗe ba. Sannan ta juya ta dubi Kawu ido cikin ido, kamar yadda ake duba yadi a kasuwa. Kunya ta kama ni a madadinta. Na ga ƙafafun Kawu suna canja wuri, bai san inda zai ajiye su ba.

Mutum na ƙarshe ya shiga mota, direba ya fara danna oda.

"Malama," na ce, "na iya?"

"A wane gefe kawunki yake da tabo?"

"Tabo?"

"A gira. Kuma gemunsa baƙi ne ko ya yi furfura?"

Baƙi na yi shi, da fentin allo, domin gemu baƙi nake zato.

"Tun kafin auren uwarta nike da tabon nan," in ji Kawu. "Jaki ne ya harbe ni."

Direba ya leƙo ya ce Malama mun cika fa. Ta ce masa tana zuwa, ta dafa kafaɗata.

"Ga gaskiyar da na yi miki alkawari. Daga gwiwa zuwa ƙasa kin iya, babu abin da zan gyara. Daga kafaɗa zuwa sama ba zane ba ne, zato ne, kuma tsuntsaye sun riga ni gaya miki. Abin da kika kalla shi kika iya. A garin nan ba ku da ɗakin da za a zaunar da babba, yarinya ta ɗaga kai ta dube shi ba a kira ta marar kunya ba, ni kuma ba zan iya gina muku shi kafin motar nan ta tashi ba. Amma kina da kawu mai haƙuri. Ki zaunar da shi ya ba ki gefe. Ki fara da kunne, shi ba ya kallon mutum."